A Cire Gobe

Kwana uku da fashewar Ta Biyu na tsinci guntuwar wayar lantarkin. Ta Biyu ɗaya ce daga tukwanen tururi guda biyu da ke dafa man da muke sabulu da shi a masana'antarmu. Ranar Litinin, ƙarfe biyu da 'yan mintuna na rana, ta tashi da rufin ɗakinta, ta tashi da ran Dogo, mai kula da ita. Ni ce injiniyar da ke lura da lafiyar ma'aikata da injina, don haka ni aka ɗora wa rubuta rahoton abin da ya faru. Madam Doka ma'aikata suke ce mini a bayan idona, masu ƙarfin hali ma a gaban idona, tun ranar da na mayar da Manaja kansa daga bakin ƙofa ya je ya ɗauko hular kwano. Sunan bai taɓa ɓata mini rai ba. In faɗi gaskiya ma, daɗi yake mini.

Da safiyar Alhamis na shiga abin da ya rage na ɗakin Ta Biyu. Ƙasa duk toka ce da ruwa da fasassun bulo, har yanzu wurin yana warin ƙonannen fenti. Akwatin wayoyinta na tarar jingine da bango, murfinsa ya lanƙwashe, sai da na sa ƙarfe na ɓalle shi. Abu ɗaya nake nema. Kowace tukunya tana da wata na'ura da muke ce wa mai gadi. Wani ƙwallon ƙarfe ne yake iyo a saman ruwan tukunya, in ruwa ya yi ƙasa ƙwallon ya sauka, sai mai gadi ya kashe wuta ya kaɗa ƙararrawa. Aikinsa ke nan, ba shi da wani. To ranar Litinin famfon da ke tura ruwa ya tsaya, ruwa ya ƙafe, wuta ta ci gaba da ci a ƙarƙashin busasshen ƙarfe, amma duk faɗin masana'antar babu mahalukin da ya ji ƙararrawa.

Ban sha wahalar nema ba. Tsakanin ƙusoshi biyun da wayoyin mai gadi suke shiga, wani ya ɗaura guntuwar jar waya, ba ta fi tsawon ɗan yatsana ba. Gada muke ce wa irin wannan. In dai tana nan, ƙwallo ya hau ko ya sauka akwati bai sani ba, a wajensa kullum tukunya cike take da ruwa. Nan take jinina ya tafasa. Na ce a raina, wane jakin ne ya yi wannan aika-aikar, yau sai ya gane kurensa. An naɗa wa wayar farin tef, ya yi rawaya saboda daɗewa, hayaƙi ya ɗan lashi gefensa. Na goge shi da babban yatsa. An rubuta da biro: A cire gobe. A ƙasa ga kwanan wata. Rubutuna ne. Kwanan watan kuwa ko daga barci aka tashe ni ba zan ɓatar da shi ba, don washegarinsa na haifi 'yata.

Na zauna a kan bulo cikin toka. Shekara tara ke nan. Tukwanen sababbi, ni ma sabuwar injiniya, ga tsohon ciki ina turawa. Masu kamfani za su zo ganin an tayar da tukwane, ruwan rijiyarmu kuwa sai kumfa yake yi, ƙwallo yana ta rawa a ciki, mai gadi yana kashe wuta duk bayan minti goma ba gaira ba dalili. Manaja, a lokacin shi ne shugaban sashen dafa sabulu, sai kai da komowa yake a bayana yana duba agogo. Na ce a ba ni waya da filaya. Na yi gada, na rubuta abin da na rubuta, da niyyar gari na wayewa in gyara ƙwallon in cire ta. Kafin gari ya waye naƙuda ta taso. Bayan wata huɗu na dawo aka mayar da ni wani sashe, kuma wallahi ko sau ɗaya wayar nan ba ta sake faɗo mini a rai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin shekara-shekara. A ƙa'ida, ruwan tukunya ake zubarwa a hankali a ga ko mai gadi zai kashe wuta da kansa. Amma hakan yana tsayar da aiki rabin yini, saboda haka tun kafin a ɗora mini aikin lura da injina, a nan maɓalli kawai ake dannawa a jikin akwati, fitila ta kama, ƙararrawa ta yi ƙara, a ce lafiya lau. Maɓallin kuwa ƙararrawa kaɗai yake gwadawa, ba ruwansa da ƙwallo. Sau biyar ni da kaina na danna shi, na sa hannu a takarda, na kuma tsaya ina yi wa Dogo faɗa a kan bai ɗaure igiyar takalminsa ba.

Ban san lokacin da na sa sukudireba na kwance wayar ba. Na dai tsinci kaina a tsakar masana'anta ina tafiya, hannuna a cikin aljihun rigar aiki, na damƙe ta kamar za ta gudu. Jami'an hukuma za su iso ƙarfe sha biyu su karɓi rahoto. Agogona ya ce goma saura. Wani direban mota mai ɗaukar kaya ya gaishe ni, na zabura har da ja da baya. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as.

A kan benci, a ƙofar ofishin Manaja, wata mata take zaune da leda a cinyarta. Ta cikin ledar na hango filas ɗin shayin Dogo da silifas ɗinsa, sai na gane matarsa ce. Na rage murya na yi mata gaisuwa, ta amsa ba ta ɗago ba. Har na kama hannun ƙofa ta ce, "Ke ce Madam ɗin da za ta rubuta takarda?"

Na ce ni ce.

"Sun ce barci ya yi."

"Wa ya ce?"

"Kowa. Har a layinmu an ji. Jiya babbar 'yarsa ta je ɗibar ruwa, wata ta ce mata ai babanku barci ya yi a bakin aiki, Allah ma ya taƙaita da bai tafi da mutane ba. Tun jiya yarinyar ba ta fita ba." Ta gyara ledar a cinyarta. "Madam, shekararmu sha tara tare. Mutumin nan ko ranar hutu ba ya barcin rana. In ya kwanta ma sai ya ce kansa ke ciwo."

Na san bai yi barci ba. Ni na ga inda aka ɗauke shi, ba kan bencinsa ba ne, can ne gindin famfo na biyu, da sifana a hannu. Ya lura ruwa ya ƙare, ya ruga ya tayar da ɗayan famfon, ruwan sanyi ya faɗa kan ƙarfen da ya yi jajur. Da mai gadi yana aiki, da wuta ta mutu tun kafin a kai nan. Duk wannan yana bakina, amma abin da ya fito shi ne, "Ana kan bincike, ki yi haƙuri." Na tsani kaina a kan kalmomin nan tun kafin in rufe baki.

Manaja ya riga ya rage mini aiki. Takarda shafi biyu ya turo gabana, an buga ta tsaf, saura sa hannu. Na karanta a tsaye. A layin ƙarshe an rubuta cewa sakacin ma'aikaci ne ya jawo hatsarin, kuma da alama barci ne ya ɗauke shi bayan cin abincin rana.

"Yallaɓai, wa ya gan shi yana barci?"

"Wa ya gan shi a farke?" Ya cire tabarau ya murza idanu. Shi ma kwana uku bai runtsa ba, ya faɗa sosai. "Injiniya, mutum ɗari uku ke cin abinci a gidan nan. In mutanen nan suka ji matsalar inji ce, kwaɗo za su garƙama mana, sai yadda hali ya yi. Dogo ya riga ya tafi, Allah ya jiƙansa. Babu abin da takarda za ta ƙara masa ko ta rage masa."

Da wata rana ce, da tuni muryata ta kai bakin titi. An bar jaki ana dukan taiki, da na ce masa, har da buga tebur. Yau kuwa sai na ja kujera na zauna, na ɗauki biro. Manaja ya dube ni ta saman tabarau.

"Yau lafiya, Injiniya? Na shirya miki awa guda ta gardama, ga shi ko tari ba ki yi ba."

"Kaina ke ciwo."

"Sa hannu ki je ki sha magani. Mu dai mu samu mu wuce yau. Ta Ɗaya ce kaɗai ke ɗauke da mu yanzu, tun Talata ba ta huta ba. Yayanki yana ƙoƙari wallahi, ko abinci a gabanta yake ci."

Bakin biro yana kan takarda ya faɗi haka. Ta taga ina jin gurnanin Ta Ɗaya daga ƙetaren tsakar masana'anta, irin ƙarar da kunne ya saba da ita har ya daina ji. Sai na ga hannuna shekara tara baya, riƙe da filaya. Wayar da aka miƙo mini doguwa ce. Gida biyu na yanka ta, don tukwane biyu ne suke mini gardama a ranar.

Ban tuna ko na ce wa Manaja wani abu ba. Na ji dai yana kirana, na wuce matar Dogo, na tsallake tiyon ruwa, na kusa karo da mai tura baro cike da kwalayen sabulu. Madam Doka da ta hana kowa gudu a cikin masana'anta, ranar ita ce take gudu, hular kwano tana tsalle a kanta.

Yaya na zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe a gaban Ta Ɗaya, tawul a wuya, yana ɓare lemo. Shekara goma sha biyar ya ba ni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni makaranta, kuma tun ina rarrafe yake aikin tukunya. Zafin ɗakin ya mare ni, ƙarar wuta ta cika kunnena.

"A'a, Auta, wa ya biyo ki? Ko wani ne ya cire hula?"

Ban kula shi ba. Na fara duba gilashin da ke nuna ruwa, na ga ruwa a tsakiya, na ce ya fesar da ruwan gilashin in ga ko zai dawo. Ya fesar, ruwa ya dawo. Sannan na buɗe akwatin wayoyi. Tana nan. Ja, gajeriya, tef ɗinta ya yi rawaya kamar na waccan, har an share mata ƙura.

"Wayarki kike dubawa?" in ji Yaya daga bayana.

Na juyo a hankali. "Ka san da ita?"

"Tun shekarar da ɓera ya shiga akwati muka buɗe. Shekara shida ke nan, ko bakwai."

"Dogo fa?"

Ya ajiye lemon a kan cinyarsa. Ya ce, "Ni na nuna masa tasa. Ya so ya cire. Ya ce an rubuta a cire gobe, kuma goben ta daɗe da wucewa. Na ce masa ya bar ta. Na ce hannun Auta ne, injiniya ce, ba ta sa abu a banza, in lokacin cirewa ya yi ita za ta zo da kanta. Tun Litinin nake tambayar kaina ko ita ce. Ban san aikinta ba, Auta. Ni dai rubutunki na gane."

"To me ya hana ka tambaye ni, Yaya? Kullum muna haɗuwa. Ranar hutu a gidanka nake yini. Baki ɗaya za ka buɗe."

"In tambaye ki?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin manta ranar da na ce miki bawul ɗin can yana zuba, ba yadda kika ce a ɗaure shi ba ne? A gaban yarana kika ce mini, a nan ba ƙanwarka ba ce ni, injiniya ce. Ni da aji shida na firamare. Daga ranar na kama bakina."

Na tuna ranar. Har na koma gida ina ba mijina labari, ina jin na burge. Yanzu kuwa kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, da baƙin ciki, da tsoro, duk a lokaci guda. Na ciro guntuwar wayar da ke aljihuna na nuna masa. Ya kalli ƙonannen tef ɗin, ya kalli na cikin akwati. Ya miƙe ya leƙa ƙofa, ya dawo ya miƙo mini tafin hannunsa, wanda tururi ya ƙone ya warke ya fi sau goma.

"Kwance waccan ma ki ba ni duka. In na tashi aiki na san inda zan jefa su. In wuta ta riƙa mutuwa, zan ce ruwa ne ke kumfa, a zo a gyara ƙwallo, shi ke nan an huta. Babu wanda ya sani daga ni sai ke, sai wanda ke ƙasa."

"Su ce barci ya yi ke nan."

"Ko ki ce ni na saka. Shekara biyu ta rage mini in ajiye aiki. Ke kuwa lasisinki za su karɓe, Auta, ƙila ma abin ya wuce nan. Ban kai ki makaranta don in ga wannan ranar ba."

Ba zan yi ƙarya ba, na so in ba shi. Hannun nan shi ya saba karɓar mini duk abin da ya fi ƙarfina, tun daga jakar makaranta. Na sa sukudireba a kan ƙusa ta farko, har ta fara juyawa. Sai idona ya sauka a kan rubutun. Na ga Dogo tsaye a gaban akwatinsa, ya sunkuyar da tsawonsa, yana karanta shi, yana da gaskiya, aka ce masa ya bari saboda ni ce. Shekara shida yana zaune a gaban wuta da ba ta da mai gadi, don ya yarda da hannuna. Yanzu kuma hannun nan ne zai rubuta cewa barci ya yi.

Na mayar da ƙusar na ɗaure.

"Kashe ta, Yaya."

"Auta."

"Kashe wutar, don Allah. Ba injiniya ce take ba ka umarni ba, roƙonka nake."

Ya goge fuska da tawul, ya je ya rufe mai, ya ja hannun kashewa. Gurnanin ya sauka a hankali har ya mutu. Na rufe akwatin da wayar a ciki, na ciro kwaɗona na aiki mai jan fenti na garƙama, na sa makulli a aljihu. Yau ma ba zan cire ta ba. Su zo su gan ta a inda na bar ta.

Cikin 'yan mintuna tururi ya janye daga sassa, injina suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin masana'antar nan shiru da rana ba, har kukan tsuntsaye ake ji a kan rufi. Ma'aikata suka fara fitowa suna tambayar juna ko wuta aka ɗauke. A tsakar wuri na yi kiciɓis da Manaja, yana sauri, takardar nan a hannunsa, kansa babu hula. Na lura, amma ban ce komai a kai ba.

"Wa ya kashe Ta Ɗaya? Injiniya, kin san ƙarfe nawa kuwa?"

"Ni na sa a kashe, Yallaɓai. Ba zan sa hannu a wannan ba. In sun iso zan yi bayani a gabanka."

Na bar shi nan yana kiran sunan Allah. Matar Dogo tana inda na bar ta. Na durƙusa a gabanta, a kan siminti, na buɗe hannuna. Na yi mata bayanin mai gadi da ƙwallo da gada, da kalmomin da za ta gane. Na gaya mata inda aka tsinci mijinta da abin da ke hannunsa. Na ce bai yi barci ba, gudu ya yi don ya ceci tukunyar, kuma shi ne mutum ɗaya da ya taɓa cewa a cire wannan wayar.

Ta karɓa ta juya ta, ta kai tef ɗin kusa da idonta, leɓɓanta suna motsi tana haɗa baƙaƙen.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce."

Na jira ta zage ni, ko ta mare ni, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta mayar mini da wayar a tafin hannu, ta janye gefen zanenta daga inda gwiwata ta taɓa.

"Ni na san bai yi barci ba, Madam," ta ce. "Ba ni za ki faɗa wa ba."

Daga bakin babbar ƙofa aka yi hon sau biyu, aka fara jan ƙyaure, farar motar jami'an hukuma ta sako kai. Matar Dogo ta miƙe ta rungume ledarta. Ta ce za ta tsaya a bayana, tana so ta ji da kunnenta, don ta san abin da za ta je ta gaya wa yarinyar. Na tashi na karkaɗe gwiwata, muka nufi motar, ina gaba tana biye da ni.